Ko Akwai Ranar da Ya Halatta a Tona Asiri?

Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Watau mutumin kirki ya kan ji magana ya haɗiye ta, ba ya kai ta kasuwa. Dukanmu mun yarda da wannan. Amma akwai tambaya mai wuya a bayansa. Idan maganar da aka ba ka ajiya ta shafi ran wani, wanda ba ya wurin, bai kuwa san abin da a ke ciki ba, wa za ka riƙe wa amana? Mai maganar, ko wanda a ke neman ransa?

Akwai masu wata sana'a da wannan tambaya ta zame musu abin kullum. Su ne masanan halin ɗan Adam. Yawancinsu ba su yin allura, ba su ba da ƙwaya. Aikinsu su zauna da mutumin da hankalinsa ya tashi, ko baƙin ciki ya danne shi, ko tsoro ya hana shi barci, su saurara, su yi masa tambaya, har ya gane abin da ke cinsa. Kayan aikinsu magana ce. Maganar kuwa ba ta fitowa sai mutum ya tabbata ba za ta wuce ƙofar ɗakin ba. Saboda haka rufin asiri a gare su ya fi ƙarfin ladabi kawai, gama in babu shi, babu aikin.

A Amurka masanan nan suna da ƙungiya tun shekarar 1892, amma sai a 1953 suka buga littafin ka'idodin aikinsu na fari. Yadda suka shirya shi abin lura ne. Ba su zauna a ɗaki sun ƙaga dokoki da ka ba. Sun roƙi 'yan ƙungiya kowa ya rubuto abin da ya taɓa ɗaure masa kai a bakin aiki, aka tara labari fiye da 1,000, daga cikinsu aka fitar da ka'idodin. Duk da haka ba a daɗe ba wani al'amari ya faru da ya nuna littafi ba ya ƙare magana.

A watan Agusta na 1969, a jami'ar Kalifoniya da ke garin Berkeley, wani ɗalibi mutumin Indiya mai suna Prosenjit Poddar yana zuwa wurin wani masanin hali, Dokta Lawrence Moore, a asibitin makarantar. Ya so wata yarinya, Tatiana Tarasoff, ita kuwa ta ce ba ta sonsa da aure. Ran nan ya gaya wa Moore zai kashe ta. Bai ambaci sunanta ba, amma gane ta ba wuya. A lokacin ta tafi ƙasar Birazil. Moore bai yi shiru ba. Ya sanar da 'yan sandan makaranta, ya ce a kai saurayin asibiti a tsare shi. Suka kama shi, suka yi magana da shi, suka ga kamar yana cikin hankalinsa, ya yi alkawari ba zai je kusa da ita ba, suka sake shi. Shugaban Moore a wurin aiki ya ba da umurni a bar maganar. Poddar ya daina zuwa. Ba wanda ya gaya wa yarinyar, ba wanda ya gaya wa iyayenta. Ta komo gida, ran 27 ga Oktoba ya je ya kashe ta da wuƙa.

Iyayen suka kai ƙara. Babbar kotun Kalifoniya ta duba shari'ar sau biyu, a 1974 da 1976. Hukuncin na biyu ya ce idan mai jiyyar hankali ya gane, ko ya kamata ya gane, cewa majinyacinsa hatsari ne mai girma ga wani, wajibi ne ya yi abin da ya dace domin ya tsare wannan mutum: ko ya gargaɗe shi, ko ya gaya wa waɗanda za su gargaɗe shi, ko ya kira 'yan sanda. Alƙali Tobriner, wanda ya rubuta hukuncin, ya nuna cewa rufin asiri yana da iyaka, iyakarsa kuwa inda ran jama'a ya shiga hatsari.

Mai karatu zai ce, to, ai magana ta ƙare, wa zai yi gardama da wannan? Kada mu yi hanzari. Wani alƙali a kotun, mai suna Clark, bai yarda ba, dalilansa kuwa ba na wasa ba ne. Ya ce in mutane sun san za a iya tona su, waɗanda suka fi bukatar taimako ba za su zo ba, wanda ya zo ma zai ɓoye abin da ya fi muni a zuciyarsa. Ashe mutumin da a ke tsoro zai zauna shi kaɗai da mugun nufinsa, ba mai kwantar masa da rai. Dubi Poddar kansa: bayan 'yan sanda sun taɓa shi, bai sake komawa wurin Moore ba. Ga kuma wani abu. Mutane da yawa su kan ce "sai na kashe shi" cikin zafin rai, ba su kuwa taɓa kashe ko kaza ba. Masanin hali ba ya ganin gobe. In ya riƙa kai ƙarar kowane mai fushi domin ya tsare kansa daga shari'a, zai ɓata sunan marasa laifi da yawa, magana kuwa zarar bunu ce.

Shi ya sa har a Amurka bakin bai zama ɗaya ba. A 1985 Kalifoniya ta yi doka ta rage faɗin hukuncin, ta ce wajibin yana hawa kan mai jiyya ne sa'ad da majinyaci ya furta barazana mai tsanani a kan mutumin da za a iya ganewa. A 1999 babbar kotun jihar Teksas ta ƙi ɗora wa masu jiyya wannan wajibi na gargaɗi.

A ganina kotun Kalifoniya ta fi kusa da gaskiya, amma dalilin yana cikin amanar kanta. Don me a ke rufa wa majinyaci asiri? Domin ya warke, ya zauna lafiya da mutane. Mutumin da ya zo ya ce yana jin zai yi kisa, sau da yawa rabin zuciyarsa neman mai riƙe masa hannu ta ke yi. Wanda ya yi shiru ya bar shi ya zub da jini bai taimake shi da kome ba, gama ya bar shi ya zama mai kisankai har ƙarshen ransa. Yarinyar kuma ba ta cikin alkawarin. Mutum biyu ba su da iko su ƙulla alkawari a ɗaki wanda za a biya da ran na uku.

Sai dai akwai sharuɗa, su ne kuwa ke raba wannan da cin amana. Littafin ƙungiyar da aka gyara a 2002 ya ce tun farkon zama a gaya wa majinyaci iyakar rufin asirin. Wannan shi ne babban abu. In ka ce wa mutum tun ran fari, "Duk abin da ka faɗa zai tsaya a nan, sai fa in na ga ranka ko ran wani yana cikin hatsari," ka yi masa alkawarin da za ka iya cikawa. Wanda ya rantse ba zai taɓa faɗa ba ko mene ne, ya ɗauki kayan da ya fi ƙarfinsa. Pastoci, da ungozomai, da malaman makaranta, waɗanda su ma a kan kai musu abin da ba a faɗa wa kowa ba, ya kamata su yi tunani a kan wannan tun ba a ƙwanƙwasa musu ƙofa ba.

Sharaɗi na biyu, a faɗi abin da ya wajaba kaɗai, ga wanda ya wajaba kaɗai. A nan ne mutane su kan zame. Da an buɗe baki sai a zazzage kome, har da abin kunyar da bai shafi hatsarin ba. Iyayen Tatiana ba su bukaci su san mafarkan Poddar ba, ko abin da ya faɗa yana kuka, ko labarin gidansu a Indiya. Abin da suka bukata bai fi kalma goma sha uku ba: wane ya ce zai kashe 'yarku, kada ku bar shi ya kusance ta.  A watannin nan Poddar ya yi abota da ɗan'uwan yarinyar, har suna zaune gida ɗaya.