Sani Daban, Koyarwa Daban

Kowace shekara jami'o'inmu sukan zaɓi ɗaliban da suka yi zarra a digiri na farko, su ɗauke su aikin mataimakan malamai da zarar sun gama hidimar ƙasa. Yaron da bara yake kan benci yana kwafar darasi, bana sai a miƙa masa alli da ajin mutum ɗari biyu, a ce masa bismilla. Tambayar da nake so mu tattauna, 'yan'uwana ɗalibai da malamanmu, ita ce: shin wanda ya san abu ya iya koyar da shi ke nan? In kuwa bai iya ba, alhakin waɗanda suka zauna gabansa suka tashi ba su gane ba yana wuyan wa?

Wannan magana ba ta yau ba ce. Ibn Khaldun, a cikin Muƙaddimarsa da ya rubuta a 1377, ya lissafa koyarwa cikin sana'o'i, watau abin da sai an koya an goge kafin a iya, kamar ƙira ko saƙa. Ya ba da shawarar a bi da ɗalibi sannu a hankali, a fara masa da tushen fanni a taƙaice, a sāke dawowa da faɗaɗawa, sa'an nan a karo na uku a warware masa abin da ya rage mai wuya. Ya kuma yi kashedi cewa tsanani yana kashe zuciyar ɗalibi, ya koya masa ƙarya da ha'inci. A ƙasarmu ma haka magabata suka ɗauki al'amarin. A makarantar allo gardi yakan biya wa ƙanana, amma malam na zaune yana ji, in ya yi tuntuɓe a gyara masa. Nana Asma'u ba ta tura jajojinta ƙauyuka haka kawai ba, sai da ta zauna da su ta nuna musu abin da za su faɗa wa matan 'Yan Taru da yadda za su faɗe shi. Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922 don horar da malamai aka kafa ta, kuma Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello duk da malanta suka fara bayan sun fito daga cikinta.

To, abin mamaki shi ne, mun yarda malamin firamare yana bukatar horo, har an kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976, an kuma yi dokar rajistar malamai a 1993, amma da an zo kan jami'a sai mu ɗauka digiri ya wadatar. Asusun TETFund, wanda dokar 2011 ta kafa, yana tura ƙananan malamai karatun digiri na biyu da na uku, kuma wannan alheri ne babba. Sai dai zurfin sani ake ƙarowa a can. Ƙarin girma ma galibi yawan maƙalun da mutum ya buga ake dubawa. Ashe ke nan saurayin malami ba zai ga dalilin ɓata dare wajen tunanin yadda zai fahimtar da ɗan aji ɗaya ba.

Wani zai ce ai jami'a wurin manya ce, ɗalibi shi zai nemi ilimi da kansa, malami kuwa zai goge da yau da gobe. Akwai gaskiya a nan, domin da koyo akan iya. Amma mu tambayi kanmu: a kan wa ake yin wannan koyon? In malami ya ɗauki shekara biyar kafin hannunsa ya faɗa, sahu biyar na ɗalibai sun wuce ta gabansa, kuma babu mai dawo musu da shekarunsu.

Mu dubi su wane ne waɗannan ɗalibai. Ɗan Anka ko Gummi ko Bukkuyum da ya sami shiga Jami'ar Tarayya ta Gusau, wadda aka kafa a 2013, ko ta Jiha da ke Talatar Mafara, ko ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ya sha gwagwarmaya kafin ya iso. A 2021, bayan sace 'yan mata 279 a Jangebe da kuma ɗaliban Kaya ta Maradun, an rufe makarantu a Jihar Zamfara na tsawon lokaci. Yaron da ya ratso wannan yana zuwa da giɓi a karatunsa wanda ba laifinsa ba ne. Malamin da bai koyi yadda ake gano inda ɗalibi ya tsaya ba, zai karanto takardarsa da Turanci mai sauri, ya tattara ya fita, ƙarshen zango ya ce yaran nan daƙiƙai ne. Wannan zalunci ne, ko da mai yinsa bai nufa ba.

Ga kuma abin da ya fi wannan nauyi. A 2010 aka gano gubar dalma a ƙauyukan Dareta da Abare da Sunke da Bagega na ƙasar Anka, da 'Yargalma ta Bukkuyum. Masu haƙar zinariya suna kawo duwatsu gida suna niƙawa, ƙurar mai dalma tana sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe. Yara fiye da 400 suka rasu. Illar dalma sananniya ce a littattafan kimiyya tun da daɗewa, amma sanin bai isa zauren mai haƙa ba sai bayan an yi ta jana'iza. Likitocin MSF sun ba da magani, an kankare ƙasar gidaje, amma sai da aka haɗa da aikin fahimtarwa: a daina niƙa a cikin gida, a wanke jiki a sauya tufa kafin a taɓa yara. Yanzu ka ɗauka ɗan Bagega ne zaune a ajin kimiyyar sinadarai. In malaminsa hadda kawai ya koya masa, zai ci jarrabawa, amma ba zai iya zama da kawunsa ya bayyana masa da Hausa abin da ƙurar nan take yi wa ƙwaƙwalwar jariri ba. In kuwa an koya masa har ya gane, to darasin awa guda ya kai inda malamin ba zai taɓa takawa ba.

Saboda haka ra'ayina shi ne alhakin ya rabu biyu. Jami'a da manyan malamai ba su sauke nauyi ba har sai sun horar da wanda suka ba alli. Hanyar ba ta da tsada: a haɗa kowane sabon malami da wani dattijo a sashensa, ya zauna ya kalli darasin dattijon, dattijon ma ya zauna bayan aji ya kalli nasa, su fito su tattauna ba tare da muzantawa ba. A ƙarfafa masa yin difilomar koyarwa a Tsangayar Ilimi, a kuma sa kyawun koyarwa cikin ma'aunin ƙarin girma.

Kashi na biyu yana wuyan shi saurayin malamin, kuma ba ya faɗuwa don jami'a ta yi sakaci. Ranar da ya karɓi aji, ya karɓi amana. Ya tambayi kansa kafin kowane darasi: me yaran nan suka riga suka sani, kuma ta yaya zan tabbatar sun gane? Ya bar ƙofar tambaya a buɗe, ya nemi na gaba da shi su duba aikinsa, tun da matambayi ba ya ɓata. Ku kuma ɗalibai da ke hanƙoron wannan matsayi gobe, ku fara lura tun yau da malamin da kuke ganewa a ajinsa, ku binciki abin da yake yi da sauran ba sa yi. Allah ya sa mu dace, amin.