Malam Aliyu Namangi da Ma'aunin Waƙa

 

Ka sani ya ɗan'uwa, Allah ya halicci kowane abu bisa gwargwado, waƙa ma ba ta fita daga wannan hukunci ba. Halilu ɗan Ahmad, malamin Basra, shi ya tantance karuruwan waƙar Larabawa goma sha biyar, Ahfash ya ƙara na sha shida. Malaman jihadi, irin su Nana Asma'u 'yar Shehu, suka ɗora Hausa bisa wannan ma'auni domin karantar da jama'a. A ƙarnin da ya shige kuwa, a ganina, ba wanda ya riƙe wannan gado kamar Malam Aliyu Namangi na Zazzau.

An haife shi wajajen 1894, ya rasa idanunsa tun yana ƙarami, ya rasu a 1990. Da kunne ya yi karatu, a ƙirji ya adana. Ya yi Waƙar Keke da wasu da dama, amma Imfiraji ce gagarumin aikinsa: waƙoƙi jere, na ɗaya, na biyu, har gaba, waɗanda aka buga a Zariya. Kowane baiti ɗango biyar ne, huɗun farko da amsa-amonsu, na biyar ya komo ga amsa-amon da ke ɗaure waƙar. Masana suna danganta karinta da ramal, ɗaya daga karuruwan nan na Larabawa. Dubi nauyin wannan sharaɗi ga mutumin da ba ya duba takarda, balle ya goge ya sake! Kowace gaɓa, doguwa ko gajeruwa, a ka yake auna ta, baiti bayan baiti, kan yabon Annabi, da mutuwa, da kwanciyar kabari, da tsayuwar hisabi. Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa, kuma ya cancanta.

Wasu na zaton tsananin ƙa'ida shi ke raba mai fasaha da talakawa. Hujjarsu irin su Milton Babbitt ne, Ba'amurke malamin Jami'ar Princeton, wanda ya rayu daga 1916 zuwa 2011. Ya ɗauki tsarin Arnold Schoenberg na jera sautukan kiɗa goma sha biyu a bi su daki-daki, ya faɗaɗa shi har tsawon sauti da ƙarfinsa suka shiga lissafi. A wata maƙala ta 1958 ya nuna cewa irin wannan kiɗa na masana ne, gidansa jami'a, kamar ilimin lissafi mai zurfi. Ban raina iliminsa ba, ya bar almajirai da ayyuka. Sai dai Malam Aliyu shi ma ya ɗaure kansa tamau, amma waƙarsa kasuwa ta nufa, domin niyyarsa wa'azi ce, kuma ma'aunin nan shi ya sauƙaƙa haddarta ga wanda bai san baƙi ba.

Je ka tasha ranar kasuwa. Ga makaho da sandarsa, ɗan jagora riƙe da ƙoƙo, yana bi mota mota yana rera baitocin. Za ka ga direba ya rage muryar rediyo, tsohuwa ta kwance bakin zane ta ciro sadaka, leɓunanta na bin waƙar da ta ji tun tana budurwa.

Wannan magana ta fi shafar mu mutanen Birnin Gwari. Shekaru muka yi hanyar Kaduna da ta Funtuwa suna zaman tarkon mutuwa, dajin Kamuku ya koma maɓoyar 'yan bindiga, gonaki suka zama kufai, makarantun ƙauye suka watse. Wanda ya gudu cikin dare ba ya ɗaukar allo ko littafi, abin da ya haddace shi ke bin sa. Da yake an sake buɗe kara a ƙarshen 2024, mutane kuma suka fara komawa gida, ina roƙon malaman Islamiyya da na zaure su dawo da Imfiraji bakin yara, su koya musu karinta, su fassara musu ma'anarta.

Allah ya jiƙan Malam Aliyu, ya haskaka kabarinsa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.