Sakamakon Da Ba Ya Fita A Ƙarshen Zango

A shekarar 1962, a ƙaramin garin Ypsilanti da ke kusa da birnin Detroit a Amurka, wani masanin halayyar yara, David Weikart, ya fara gwaji a makarantar gwamnati ta Perry. An ɗauki yara 123, 'yan shekara uku zuwa huɗu, duka 'ya'yan talakawa baƙar fata. An sa 58 a ajin share fage, sauran 65 aka bar su a gida. Kullum da safe 'yan ajin kan yi awa biyu da rabi da malamai, sannan duk mako malama ta ziyarci uwa da ɗanta a gida.

Da farko 'yan ajin sun yi wa sauran fintinkau a gwajin kaifin basira. Amma kafin su cika shekara goma, tazarar ta zaizaye. Da a lokacin aka yanke hukunci, da an ce asarar kuɗin jama'a aka yi.

Sai dai an ci gaba da bibiyarsu. Da suka kai shekara 40, kashi 36 cikin ɗari na 'yan ajin ne aka taɓa kamawa sau biyar ko fiye, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 55. Sun kuma fi gama sakandare, sun fi samun abin hannu. James Heckman, masanin tattalin arziki, ya danganta hakan da tarbiyya: haƙuri, kame kai, da gama abin da aka fara.

Tambayar da ke damuna ita ce: shin adalci ne mu auna malama da abin da za a iya ƙirgawa bana, alhali aikinta sai bayan shekara talatin zai nuna?

A sana'ata ta rubuta manhaja, na san illar ma'auni. Ka ce wa ma'aikaci da yawan layukan da ya rubuta za ka biya shi, zai cika maka shafi da shirme. Haka makaranta take. Mu iyaye a nan muna tambayar ko ɗan shekara uku ya iya rubuta ɗaya zuwa ɗari, don haka abin da ake ɗura masa ke nan. Ni kaina na taɓa yi wa 'yata faɗa don ta zo ta tara a ajin nazare, ban tambayi wa ta taimaka a ranar ba.

Ba cewa nake a daina awo ba. Makarantar da ba mai bincikarta, 'ya'yan talaka ne ke kwana a ciki. Amma a auna abin da ke hannun malama yau: yara nawa ne a gabanta, tana sauraronsu, ta san iyayensu? Sauran kuwa shuka ce, mai ita ba lalle ta ga girbi ba. Haƙƙinmu a kanta shi ne kada mu tone irin don mu ga ko ya tsiro.