Wa Ka Sani, Ko Wa Ya San Ka?

Akwai tambayar da muke yi wa yaro a Daura da zarar ya ce ya ga tallar gurbin sanin makamar aiki a ƙasar waje. Ba ma tambayarsa abin da ya iya, balle ƙasar da zai je. Cewa muke: "To, wa ka sani?" In ya yi shiru sai a hau lissafi: wane ɗan majalisa ne, wane surukinsa darakta ne a Abuja, wane kuma yana da ƙafa a fada. Kafin la'asar an tsayar da gidan da za a je gaisuwa.

Tambayar ba daga sama ta faɗo ba. Daga 2015 zuwa 2023 shugaban ƙasa ɗan garin nan ne, kuma ayyuka sun shigo. A Disamban 2019 Muhammadu Buhari ya aza harsashin Jami'ar Sufuri, wadda kamfanin CCECC na ƙasar Sin ya gina. A Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, a hannun kamfanin Mota-Engil. Jirgin ƙasa kuwa ba a allo kaɗai ake koyonsa ba, sai an je inda yake gudu an taɓa ƙarfe. Don haka gurbin zuwa Sin ya zama abin rububi. A 2018 jaridu sun ruwaito ƙorafin matasan da suka yi dafifi a Abuja neman gurbin karatun layin dogo a can, suna cewa an fifita masu takardar manya. Duk wanda ya ji labarin ya ɗauki darasi ɗaya: nemi takarda.

Abu ne mai sauƙi mu ce alfarma mugun abu ce, cancanta kawai za a bi, mu tashi taro. Amma kakanninmu ba haka suka yi tafiya ba. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro ba sa sauka Salaga kara zube. Akwai madugu da ya yarda ya ɗauki yaro cikin ayari, akwai mai masauki da zai ba shi ɗaki, ya ajiye masa kaya, ya haɗa shi da masu saye, ya tsaya masa in za a ba shi bashi. Baƙo ba shi da wata shaida sai bakin wanda ya san shi. Haka ma maƙeri ko baduku ba ya karɓar yaro sai wani ya kawo shi ya ce, "Ga shi, na amince da halinsa."

Su ma Turawa da Sinawan ba su daina wannan ba. Yawancin wuraren da ke ɗaukar masu koyon aiki suna neman wasiƙar wani malami ko shugaban aiki da zai faɗi abin da ya gani a wurin mai nema. Sai dai a lura da yadda suka juya tambayar. Mu muna cewa wa ka sani. Su suna cewa wa ya san ka, wa ya ga aikinka.

Tsakanin tambayoyin biyu akwai tazara mai yawa. Mai masaukin Salaga in yaronsa ya ci amana, shi zai biya, sunansa ne zai zube a kasuwa. Shi ya sa ba ya tsaya wa wanda bai gwada ba. Babban da ya rubuta "a taimaka wa mai ɗauke da wannan" a bayan katinsa bai taɓa ganin yaron riƙe da sifana ba, kuma in yaron ya je ya kasa, ba abin da zai ragu a jikinsa. Ya yi kyauta da abin da ba nasa ba. Gurbin ƙidayayye ne: in mutum goma ake so, shigar ɗanmu fitar wani ce. Wanda aka fitar ba ma ganin fuskarsa, shi ya sa abin ba ya yi mana nauyi. Wataƙila wata yarinya ce daga Baure ko Sandamu da ta fi kowa a ajinta, ta jira saƙo a wayar yayanta har ta haƙura.

Akwai ma alfarmar da ba ta buƙatar takarda, kuma ita ta fi yawa: ɓoye labari. Jami'i ya ga sanarwa ta iso ofis, ya sa ta a aljihu, ya gaya wa 'ya'yan ɗakinsu, sai saura kwana biyu a rufe a manna ta a bango. Bai yi wa kowa ƙarya ba, amma ya gama zaɓe.

Laifin malamai shi ne kasala. "Je ka rubuto, ka kawo in sa hannu." Yaro ya zauna ya yabi kansa da bakin malaminsa, ya ce ya ƙware a na'urar da bai taɓa kunnawa ba. Mun san sunan wannan a addini, shaidar zur ce, ko da an buga mata hatimi. Kuma bashi ne da wasu za su biya, domin ɗakin gwajin da ya karɓi yaron ba sunansa zai riƙe ba, sunan makarantarsa zai riƙe, baɗi kuma wani ya nema daga can.

To zumunci fa? Kawu yana da hali, ɗan 'yar'uwarsa ya zo, ya kore shi da wa'azi? A'a. Hanyar da ake kira ta cancanta ita ma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce. Tun Satumban 2025 ƙaramin fasfo naira dubu 100 ne, alhali mafi ƙarancin albashi dubu 70. Ga kuɗin mota zuwa Abuja ko Legas neman biza, ga gwajin asibiti, ga datar cike fom, wani wurin ma sai an nuna kuɗi a banki. Ɗan mai kuɗi zai tsallake duk wannan ba tare da takardar kowa ba. Nan ne aljihun kawu yake da aiki. Ya biya fasfon, ya samo wanda zai gyara wa yaron Turancin wasiƙarsa, ya zaunar da shi ya yi masa tambayoyin da za a yi masa a ganawa. Duk wannan daga nasa ya bayar. Abin da bai mallaka ba shi ne kujerar.

Saura yaron da ba shi da kawu, makarantarsu kuma ba wuta balle malami ya ga aikinsa. Sau da yawa akwai wanda ya gani: mai waldar da ya yi wa aiki wata shida lokacin SIWES, ko makanikin da ke hanyar Kwangwalam da ya bar masa gareji ranar Juma'a. Mukan raina irin wannan shaida don ba ta da kan takarda mai tambari. A je wurinsa, ya faɗa da Hausa, a fassara yadda ya faɗa ba ƙari, ya sa hannu da lambar wayarsa. A haɗa da hoton ƙofar da yaron ya ƙera, a tura tare da ta malamin.