Yabon Dare Ɗaya: Me Kamfani Yake Saya Idan Ya Gayyato Makaɗi?

Idan shekara ta zo ƙarshe, ko kuwa wata ma'aikata ta cika shekara goma da kafuwa, akan ga an kafa rumfuna a harabar banki ko a farfajiyar wani otal na Yamai, Maraɗi ko Damagaram. A jera kujeru, masu laushi a gaba domin manyan baƙi, na roba a baya domin sauran jama'a. A tanadi injin wuta saboda gudun ɗaukewar lantarki, a yanka raguna, a gayyato makaɗa. Shi kuwa wanda aka ɗora wa nauyin shirya taron, umarni ɗaya yake samu daga ofishin darakta: a yi bukin da ba za a manta da shi ba. Wannan umarni ya cancanci a tsaya a kansa, domin yana ƙunshe da wata tambaya da ta girmi banki da otal. Shin kuɗi suna iya sa a tuna da mutum? In kuma makaɗi ya miƙe gaban jama'a ya wasa kamfanin da ya biya shi ladan dare ɗaya, me ya sayar, kuma wa ya ɗauki bashi?

Sanin kowa ne cewa a ƙasar Hausa makaɗi shi ne ma'ajin sunaye. Kowace fada tana da Sarkin Makaɗanta da Sanƙiranta, da masu kotso da taushi, da mabusan kakaki da algaita, kowa da matsayinsa da lokacin da ake jin muryarsa. Dangantakar makaɗin fada da ubangidansa ta rayuwa ce gaba ɗaya, sau da yawa ma gado ce daga uba zuwa ɗa. Sarki ya ba shi doki da riga da rawani, ya cika masa rumbu, ya tsaya masa ranar aure da ranar suna. Shi kuma ya riƙe asalin gidan, ya san wane ya haifi wane, ya san yaƙin da aka ci da wanda ba a son a ambata. Da haka ne sunan Sarkin Gobir na Isa ya kai garuruwan da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, ta bakin Ibrahim Narambaɗa. Haka kuma manomi da maƙeri da mahauci da ɗan kokawa, kowane rukuni yana da kiɗansa da masu yi masa.

Sai dai bakin da ke yabo shi ne kuma ke zambo da habaici. Masanin nan M. G. Smith, cikin nazarin da ya buga a 1957 kan roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna cewa maroƙi yana tsare ma'aunin girma na al'umma: yana ɗaga wanda ya cika abin da ake tsammani ga mai matsayi irin nasa, yana kunyata wanda ya gaza. A Damagaram har yau ana tuna Ma'azu Ɗan Alalo, makaɗin fada, da waƙarsa ta Bodo, wadda ta adana labarin wani Nasara mai mulki da wahalar aikin tilas, aikin da sai a 1946 doka ta soke shi a ƙasashen da Faransa ta mallaka. Takardun gwamnati sun ajiye sunan jami'in, amma abin da talakawa suka ji a jikinsu makaɗi ne ya ajiye shi. Ke nan yabon irin waɗannan mutane yana da nauyi ne saboda kowa ya san suna iya hana shi, suna kuma iya juya shi.

Bayan samun ƴancin kai a 1960 gwamnati ta zama babban ubangidan makaɗa a Nijar. A zamanin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya da bukukuwan matasa na ƙasa sun fito da mawaƙa da dama. Aka samu dandali irin su cibiyar al'adu ta Umaru Ganda a Yamai, da gasar kiɗa mai ɗauke da sunan Ɗan Gurmu na Tawa, da cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da aka buɗe a 1989. Daga farkon shekarun 2000 kuwa, da shigowar kamfanonin wayar salula da yawaitar bankuna, sai wani sabon maigida ya bayyana, mai ɗaukar nauyin wasanni da gasar kokawa ta takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975. Wannan maigida ya bambanta da na da ta fuska ɗaya mai muhimmanci: ba shi da kaka, ba shi da zuriya. Daraktan da aka wasa bana, baɗi an yi masa canjin wurin aiki. Wani lokaci ma sunan kamfanin kansa yakan sauya idan aka sayar da shi, rigunan da aka raba a bukin bara su zama tarihi.

A nan ne dattawa da dama suke kokawa. A ganinsu yabo ya zama haja kamar gishiri da sabulu. Ana miƙa wa makaɗi takarda da jerin sunaye awa ɗaya kafin a fara, ya wasa mutanen da bai taɓa gani ba, ya kira su da kirarin da ya yi wa wasu jiya a wani otal, gobe kuma ya kai shi ga abokan hamayyarsu. Suna cewa kalmar da ta dace da kowa ba ta kowa ba ce, kuma makaɗin da ya saba da haka ya zubar da abin da ya gada.

Wannan kuka yana da gaskiya a cikinsa, amma adalci ya wajabta a saurari ɗaya ɓangaren. Yabon fada ma ba kyauta ake yin sa ba. Doki da rawani lada ne, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Makaɗin da yake ci daga hannun mutum guda ba ya iya barin sa cikin sauƙi, kuma al'ummar da ke rawa da kiɗansa ita ce ke ƙin ba ɗansa aure saboda an ce shi maroƙi ne. Yarjejeniyar dare ɗaya ta kawo wani irin ƴanci da bai kamata a raina ba. Mai gurmi ko ɗan gita yana faɗin farashinsa, ya yi aikinsa, ya koma gidansa ba bawan kowa ba. Doka ma ta amince cewa waƙa dukiyar mai ita ce, har akwai hukumar kare haƙƙin masu fasaha ta ƙasa, BNDA, da aka ɗora wa karɓar abin da ya kamata a biya idan an yi amfani da aikin wani a bainar jama'a. Saboda haka kuɗi kaɗai ba su isa su zama laifin da ake nema ba.

Inda bambancin yake shi ne wajen shaidu. Makaɗin fada yana waƙa ne gaban mutanen da suka san sarkin, suka ga kyautarsa ko rowarsa, kuma za su sake haɗuwa da shi gobe. In an kira shi mai ciyar da baƙi alhali ƙofarsa a rufe take, jama'a za su ji kalmar kamar habaici, shi ma zai ji. Ta haka kirari yake zama bashi: an faɗa a gaban kowa abin da ya kamata mutum ya kasance, sai ya cika ko ya ji kunya. Abin lura shi ne bukin kamfani ma bai rasa irin waɗannan shaidu ba. Suna nan zaune a kujerun baya.

A ɗauki misalin wata ma'aikata da ta yi wata biyu ba ta biya masu gadi da masu shara ba, sannan ta kashe miliyoyi a daren cikar shekara. Makaɗi ya ɗauki amsa-kuwwa ya ce maigida uban marayu ne, inuwar da kowa ke hutawa. Manyan baƙi su tafa, domin ba su san komai ba. Direban da ya yini yana jigilar kujeru, wanda mai gidan haya ya ba shi wa'adin ƙarshen wata, shi ma yana saurare. Lalle wannan buki ba za a manta da shi ba, kamar yadda aka umarta, sai dai abin da za a tuna ba shi ne wanda aka biya kuɗi dominsa ba. Za a riƙa maimaita kirarin a bakin ƙofa da wurin mai shayi ana dariya, kuma ranar 1 ga Mayu, sa'ad da ƙungiyoyin ƙwadago suke miƙa kundin koke-kokensu, wani zai tuno da shi. Ranar wanka ba a ɓoye cibi.

Bisa ga haka, nauyin farko yana kan makaɗin kansa. Ba a nemi ya mayar da bukin da aka gayyace shi wurin tonon asiri ba, domin baƙo yana da ladabinsa. Amma tsakanin zagi da ƙarya akwai fili mai faɗi, kuma a cikinsa gwanaye suka yi suna. Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa sarakuna da attajirai waƙa, ya kuma yi wa direbobi. Ɗan Maraya Jos ya ɗaga ƙaren mota, wanda ba ya da abin ba shi. Makaɗin da ya iso da wuri ya tambayi wane ne ya fi daɗewa a wurin, wace ce ke buɗe ofis tun da asuba, wane ne zai yi ritaya bana, zai sami abin faɗa na gaskiya da zai ishe shi dare guda. Yabon gwani ya zama dole, in ji masu magana, kuma a kowace ma'aikata akwai gwanayen da ba a rubuta sunansu a takardar da aka miƙa masa ba.

Nauyi na biyu yana kan mai shirya taro, kuma yana farawa daga yadda ya riƙe masu kiɗan. An sha ganin a kira su ƙarfe huɗu na yamma, su zauna bayan rumfa har goma na dare ana jawabai, ba ruwa ba abinci, sannan a ce su fara daidai lokacin da aka buɗe kwanuka, kiɗansu ya nutse cikin ƙarar cokula. Daga baya shugaban ƙungiya ya yi sati uku yana zarya ofishin mai kuɗi, ƴan amshi da makaɗan kalangu suna jiran nasu kaso. Wanda ya yi haka ya ɗauki makaɗi daidai da kujerar haya. Gyaran ba mai wuya ba ne: a rubuta yarjejeniya, a ba da kafin alƙalami, a cika sauran a daren, a ciyar da su abin da baƙi suka ci, a ware musu lokacin da jama'a za su saurare su, a kuma nemi izininsu kafin a ɗauki muryarsu a sa cikin tallar rediyo.

Akwai kuma batun liƙi. A gidan buki liƙi hanya ce ta nuna farin ciki da zumunta, kowa gwargwadon ƙarfinsa. A taron ma'aikata kuwa yana iya zama awon arziki a gaban waɗanda ba su da shi. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya daɗe a kan sefa 30.047 kafin a ɗaga shi zuwa jika 42 a farkon 2024. Idan babban jami'i ya zuba ninkin wannan a goshin mawaƙi cikin minti biyar, ƙaramin ma'aikacin da aka kira sunansa bayan nasa ya shiga tsaka mai wuya: ya fito da kuɗin cefanen gobe, ko ya sunkuyar da kai. Mai shirya taro nagari yakan hango wannan, ya biya makaɗi isasshen lada, ya roƙe shi kada ya bi kujeru yana kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Haka nan ya san cewa cikin abokan aiki akwai waɗanda imaninsu bai sake da kiɗa ba. Sai ya tsara taron yadda za su ci abinci, su karɓi girmamawarsu, su tafi ba tare da an sa musu ido ba. Maƙwabtan da amsa-kuwwa za ta hana barci su ma suna da haƙƙi, ko da ba a aika musu katin gayyata ba.

To, shin kuɗi suna iya sa a tuna? Suna iya sayen rumfa da haske da muryar da ta fi kowace daɗi a gari, kuma babu aibu a cikin haka, domin mutanen da suka yi shekara suna aiki tare sun cancanci daren da za su ci su sha su yi rawa. Amma abin da zai zauna a zukata ana shirya shi ne cikin watanni goma sha biyun da suka gabaci bukin, a takardar albashi da yadda aka yi da wanda ya kwanta ciwo. Makaɗi yana zuwa ne ya sa wa wannan murya. In akwai alheri, kalma kaɗan ta isa jama'a su amsa. In babu, ƙara ƙarfin amsa-kuwwa sai dai ya ƙara yawan masu jin ƙaryar.

Malaman lakkol da shugabannin ƙungiyoyin al'adu su ne galibi ake nema idan kamfani yana son makaɗa ko ƴan rawa, su ne kuma matasan masu fasaha ke tambaya nawa za su ce. Wannan matsayi na tsakani dama ce. Suna iya gaya wa mai gayya tun a zaman farko cewa ladan makaɗa za a cika shi a daren, suna iya neman a sa sunan maigadi da mai shara cikin jerin waɗanda za a ambata, suna kuma iya koya wa yaron da ya fara riƙe gurmi cewa yana da ikon tambayar wanda zai wasa kafin ya buɗe baki. Tsoho mai gadi da ya ji sunansa a bakin makaɗi, daraktansa yana tsaye yana tafi, zai ba jikokinsa labarin wannan dare ko da kamfanin ya daɗe da sauya suna.