“Komai a Ciki”: Nasiha Ga Magidanci Kafin Ya Kai Iyalinsa Hutu Bakin Teku

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya hore wa bayinSa tudu da teku. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu har ya zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ’yan’uwa Musulmi, a duk lokacin da babban hutun makaranta ya gabato a watan Yuli, mukan ga tallace-tallace suna yawo a cikin wayoyinmu: ga wani ƙaton masauki a bakin teku, ga hotunan kwakwa da farin yashi, sa’an nan a ce ka biya kuɗi sau ɗaya, komai yana ciki. Waɗansu daga cikin ’yan’uwanmu na Damagaram da Allah Ya buɗa wa, fatake da ma’aikata, sun soma ɗaukar iyalansu zuwa irin waɗannan wurare, a Lome da Kwatano, ko Sali ta ƙasar Senegal, ko Sharm el-Sheikh ta Masar, ko Antaliya ta Turkiyya. Saboda haka muka ga ya wajaba mu yi wa junanmu tunatarwa, domin kalmar nan “komai” kalma ce mai faɗi, kuma Musulmi ba ya sa kuɗinsa a kan abin da bai san cikinsa ba.

Hutu halal ne

Da farko, kada wani ya zaci muna hana tafiya ko hutawa. Allah (SWT) Ya yi umarni a wurare da dama cikin Alƙur’ani, kamar aya ta 20 a Suratul Ankabut, da a yi tafiya a bayan ƙasa a dubi yadda Ya fari halitta. A aya ta 14 ta Suratun Nahl kuma Ya lissafta teku cikin ni’imominSa, da kifin da ake ci daga cikinsa, da jiragen da ke keta shi. Yaron da ya tashi tsakanin duwatsun Birni, wanda bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin damina ba, in ya tsaya gaban ruwan da ba a hango ƙarshensa, lalle zai fahimci wani abu na girman Ubangijinsa wanda allo kaɗai bai nuna masa ba. Gani ya kori ji. Faranta ran iyali kuwa ibada ce idan niyya ta gyaru.

Kuma teku ba baƙon abu ba ne ga tarihinmu. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ayarori sukan tashi daga Zango su bi ta Agadas da Gat da Gadamus har Tarabulus, a bakin Bahar Rum. Sai dai madugun ayari ba ya ɗaura wa raƙumi kaya sai ya san rijiyoyin hanya, ya san zangon da za a sauka, ya san wanda zai karɓi baƙuncinsa. Wannan tsantseni na kakanninmu shi ne muke roƙon magidancin yau ya riƙe.

Mene ne a cikin kuɗin?

Wannan tsari na biya ɗaya ya samo asali ne daga Turai. A 1950 wani mutumin Beljiyam mai suna Gérard Blitz ya kafa kamfanin Club Med, ya buɗe sansanin farko na tantuna a tsibirin Mayorka na ƙasar Sifen. Daga nan abin ya bunƙasa ya zama manyan otal-otal masu ɗaruruwan ɗakuna a cikin katanga ɗaya. In baƙo ya isa, sai a ɗaura masa wata roba a hannu, ita ce shaidar ya biya. Da ita zai ci abinci safe da rana da dare, da ita zai shiga wurin iyo, da ita zai karɓi abin sha, da ita zai halarci wasannin dare. Waɗanda suka tsara shi sun tsara shi ne daidai da al’adar mutanensu, kuma a mafi yawan waɗannan otal-otal giya tana cikin abin da aka yi wa kuɗi.

A nan akwai mas’aloli guda biyu da ya kamata a rarrabe. Ta farko: shin ya halatta mutum ya biya kuɗin abincin da bai san yawan abin da zai ci ba? Malamai sun sauƙaƙa a nan, domin jahiltar kaɗan ce, kuma al’ada ta san iyakarta. Imamu Nawawi ya kafa misali da shiga gidan wanka: kowa yana biyan kuɗi ɗaya, alhali wani ya fi wani zubar da ruwa da daɗewa a ciki, kuma ba a hana ba. Mu ma mun san haka a gidajen wankan da ke kusa da tashoshinmu. Don haka ta wannan fuska babu laifi.

Ta biyu ita ce mai nauyi. Mashahurin zance a mazhabar Imamu Malik shi ne, cinikin da ya haɗa halal da haram a ƙulli ɗaya, da sanin masu cinikin, ɓatacce ne baki ɗayansa. Idan takardar otal ta ambaci giya a cikin abubuwan da kuɗinka ya saya, to wani yanki na guminka ya zama farashin giya, ko da ba ka kurɓa ba. Mun kuwa san hadisin Anas (RA) da Tirmizi ya ruwaito, inda aka la’anci mutum goma a kan giya, har da mai sayenta da wanda aka saya wa. Har ila yau, a hadisin Jabir (RA) an hana mai imani da Allah da ranar Lahira zama a teburin da ake zagayawa da ita. Wani zai ce: ai ni ɗan kasuwa ne, na sha sauka a otal mai mashaya. To, wanda neman abinci ya kai shi garin da bai sami wani masauki ba, ya biya kuɗin ɗaki kawai ya rufe ƙofarsa, hukuncinsa daban. Amma mai zuwa hutu babu wata lalura da ta kora shi. Shi ya zaɓi garin, shi ya zaɓi gidan, shi ya ɗauki mata da ’ya’ya ya kai su.

Kuma kada sunan ƙasa ya ruɗe mu. Kasancewar otal a Masar ko Tunisiya ko Turkiyya bai sa ya tsarkaka ba, domin da yawansu an gina su ne don baƙin Turai. Sai dai, alhamdu lillahi, a gaɓar tekun Turkiyya, musamman wajen Alanya, akwai otal-otal da ba a shigar da giya cikinsu ko kaɗan, masu masallaci, masu wurin iyon mata daban a killace. Wanda ya ƙudura tafiya, irin waɗannan zai nema. In bai samu ba, ya kama ɗaki kawai ko gidan haya, ya sayi abincinsa a gari. Yin haka ma yana amfanar masu ƙananan sana’o’i, domin baƙon da ya riga ya biya komai a cikin katanga ba ya fita ya sayi ko ƙosai. Wannan ne ya sa gwamnatin Gambiya ta hana tsarin a 1999, ko da yake daga baya ta janye hanin.

Tambayoyi kafin a biya

Kada mu yi cinikin biri a sama. Kafin a miƙa wa kamfanin tafiye-tafiye ko dala ɗaya, a nemi amsar waɗannan a rubuce:

1. Shin ana sayar da giya a otal ɗin, kuma tana cikin farashi?
2. Naman da ake dafawa yankan wane ne? Ana sa naman alade a teburi? Ana zuba giya a miya ko kayan zaƙi?
3. Akwai wurin iyon mata a rufe, wanda ba a hango shi daga benaye?
4. Akwai masallaci a ciki, kuma ina ne masallacin Juma’a mafi kusa?
5. Wane irin wasa ake yi wa yara, kuma wa ke tsaronsu a bakin ruwa?
6. In tafiya ta fasa, nawa za a mayar?

Tambaya ta uku ita ce ta kunya da sutura. Allah Ya umarci muminai maza da mata da runtse ido a ayoyi na 30 da 31 na Suratun Nur, ga shi kuwa a mafi yawan irin waɗannan wurare mutane kusan tsirara suke yawo. Uban da ya shekara goma yana koya wa ’yarsa lulluɓi, sa’an nan ya zaunar da ita mako guda a tsakiyar wannan, to ya rusa da hannunsa abin da ya gina da bakinsa. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ta biyar kuma ta rai ce: tekun Lome da na Kwatano suna da igiya mai ja da ƙarfi, wadda takan rinjayi har gwanayen iyo, balle yaran da suka tashi a tudu.

Salla ba ta hutu

Da yawa suna zaton duk wanda ya bar gida yana da damar yin ƙasaru har ya dawo. Ba haka ba ne. A mazhabarmu, ana yin ƙasaru a tafiyar da ta kai mil 48, wajen kilomita 80 ke nan, matuƙar tafiyar ba ta saɓo ba ce. Saboda haka a kan hanyar Yamai, mai nisan kusan kilomita 900, Azahar da La’asar da Lisha raka’a bibbiyu ne. Amma da zarar mutum ya sauka da niyyar zaman kwana huɗu cikakku, to ya zama mazauni, sai ya cika sallarsa. Wanda ya biya kuɗin mako guda a otal ya riga ya ƙulla wannan niyya tun daga gida. Juma’a ma tana hawa kansa idan masallacin bai wuce kimanin mil uku ba daga inda yake.

A kula da alƙibla kuma. Mu a Damagaram mun saba cewa “gabas”, domin Ka’aba tana gabas da mu da ɗan karkata arewa. Wanda ya je Antaliya zai fuskanci kudu maso gabas, wanda ya je Zanzibar kuwa arewa zai duba. Game da tsarki, Allah Ya yi sauƙi: hadisin da ke cikin Muwaɗɗa ya tabbatar da cewa ruwan teku yana tsarkakewa, kuma abin da ya mutu na cikinsa halal ne. Abin tsoro dai shi ne Asuba, ga wanda ya raba dare a wurin kallo.

Ɓarna da haƙƙoƙi

Babbar fitinar teburin ɗebi-da-kanka ita ce zuciya takan raya wa mutum cewa tun da ya biya, sai ya fanshe kuɗinsa. Sai a cika faranti uku, a ci rabin ɗaya, a zubar da sauran. Biyan kuɗi ba ya halatta ɓarna. Aya ta 31 ta Suratul A’araf ta haɗa izinin ci da sha da hanin wuce iyaka, ayoyi na 26 da 27 na Suratul Isra’i kuma sun danganta almubazzarai da shaiɗanu. Mu da muka ga yunwar 2005 a jiharmu da ta Maraɗi, mu da matanmu ke jiran mai garuwa a lokacin bazara, bai kamata a koya mana darajar loma da ɗigon ruwa ba. Mu tuna kuma, watannin hutun nan su ne watannin da rumbuna ke yin ƙasa a ƙauyukanmu, kafin sabon gero ya nuna.

Don haka, kafin a sayi tikiti, magidanci ya yi wa kansa hisabi. Ya fitar da zakkarsa? Akwai bashin wani a wuyansa? Ya ajiye kuɗin komawar yara makaranta a Oktoba? Iyayensa da ’yan’uwansa na Mirriya ko Magariya ko Tanut suna da abin sawa a baki? Ya sauke faralin Hajji, in kuɗin sun kai? Cin bashi don a ɗauki hoto a bakin teku a nuna wa maƙwabta, wannan riya ce da aka saya da tsada. Mai mata fiye da ɗaya kuma ya ji tsoron Allah. Nana A’isha (RA) ta ba da labarin cewa Annabi (SAW) yakan yi ƙuri’a tsakanin matansa in zai yi tafiya. Ko da yake malamanmu sun bai wa miji zaɓi a tafiyar da ba ta Hajji ko yaƙi ba, tafiyar jin daɗi zalla tana barin miki a zukata, musamman na ’ya’yan ɗakin da aka bari. A yi ƙuri’a, ko a yi bi da bi.

Wanda kuma bai da halin zuwa teku, kada ya ji ya gaza a gaban ’ya’yansa. Ya kai su lambunan Mirriya, ko tafkin Gidimuni, ya nuna musu fadar Sarki, ya nuna musu wurin tsohon masallacin Birni da ruwan sama ya rusa a Satumban 2024, ya ba su labarin waɗanda suka gina shi. Ya kai su su kwana biyu a gaban kakanninsu, su riƙe hauya su san inda tuwo ke fitowa. Zumunta a ƙafa take, kuma ladanta tabbatacce ne.

Ya ku bayin Allah, a hadisin Ibnu Umar (RA) da Buhari da Muslim suka ruwaito, an kamanta magidanci da makiyayi wanda za a tambaya a kan abin da aka ba shi kiwo. Kamfanin da ya sayar mana da tikiti ba zai amsa wannan tambaya a madadinmu ba. Wanda ya rikice a kan wata yarjejeniya, ya kai takardar wurin malamin da ya amince da shi tun kafin ya biya.

Allah Ya sa mu ciyar da iyalanmu da halal, Ya tsare matafiyanmu a tudu da ruwa da sama, Ya mayar da su gida lafiya da imaninsu. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.