Zuwa Ina, Maigida?

A watan Janairun 2022, bayan 'yan bindiga sun afka wa wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, barci ya ƙaurace wa wani tela a cikin garin Anka. Gwamnati ta ce mutum 58 aka kashe, mutanen ƙauyukan kuma suka ce sun kai 200. Telan bai rasa kowa nasa ba, amma kullum bayan isha'i sai ya kwanta da waya a kunne yana sauraren saƙonnin WhatsApp: an tare hanya, an sa wa gari kaza haraji, ƙasar nan ta kusa wargajewa, kowa ya yi ta kansa. Da safe ya hau keken ɗinki ido jawur. Ranar da ya ɓata shaddar wani ango wajen yanka, ya biya yadi biyar daga aljihunsa, ya koma gida ya ce wa matarsa ta fara ɗaure kaya. Zai sayar da keken ɗinki da gonar gado su bar garin.

"Zuwa ina, Maigida?"

"Ko'ina ma. Gusau, Sakkwato, Kano, ko Nijar."

Ta yi shiru, sannan ta ce, "To, ka je ka sallami Kawu tukuna."

Kawun nasa yana cikin 'yan gudun hijirar da suka fake a ginin sabuwar fadar Sarkin Zamfaran Anka da ba a gama ba. Ya same shi zaune a bakin rumfar tamfol, ya maƙale zaren tsohon buhu a babban yatsan ƙafa yana tufkar igiya. Suka gaisa, aka tambayi iyali da sanyi, telan ya faɗi abin da ya kawo shi. Tsohon bai ɗaga kai daga igiyarsa ba.

"Ɗana, sau biyu na yi gudu a rayuwata. Na farko a 2010 ne, lokacin muna ƙauyenmu kusa da Bagega. Yara suka riƙa amai da jijjiga, kafin ka ce me sai a ce an rasa wane. Wasu suka ce iska ce, wasu suka ce sammu. Na tsorata, na kwashe iyalina cikin dare zuwa garin surukaina. Ka san abin da na fara ɗorawa a amalanke? Buhun duwatsun zinare da turmin da ake dakansu. Da hannuna na ɗauki abin da ke kashe mu na kai shi inda na je neman tsira. Can autata ta rasu."

Telan ya ce, "Allah ya jiƙanta."

"Amin. Sai da likitocin MSF suka zo suka auna jinin yara aka gane gubar dalma ce, tana cikin ƙurar dutsen da mata ke daka a tsakar gida, inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baki. Yara sama da 400 suka tafi. Maganin kuwa a fitar da aikin daga cikin gari, a kankare ƙasar tsakar gida a zuba sabuwa, a ba yara magani. Bagega sai 2013 aka share ta."

Ya ƙulla bakin igiyar, ya ajiye.

"Gudu na biyu shi ya kawo ni nan. Ɓarayin daji sun sa mana haraji kafin shuka, muka biya. Suka sake sawa kafin girbi. Ranar da suka ɗauke maƙwabcina daga gonarsa, na san abin da ke bina, na san hanyar da zan bi, na san kana Anka. Na bar gero a tsaye na taho, kuma ban taɓa nadama ba. Saboda haka ba zan ce maka ka zauna ba. Ina dai tambayarka, me ke korarka?"

"Kawu, ƙasar ce gaba ɗaya ta lalace."

"Ƙasa gaba ɗaya ta fi ƙarfin kanka. Faɗa mini na ƙofar gidanka."

Nan telan ya daɗe bai ce komai ba. Da ya duba da kyau, abin da ke gabansa shi ne gonar da ke nesa da gari, wadda zuwa cikinta ya zama kasada, sai kuma hanyar Gusau da yake bi sayen yadi. Sauran duk daga waya ya ji su, daga bakin mutanen da bai san fuskarsu ba. Tsohon ya ci gaba da tambaya: wa zai sauke ka a Kano? Nawa ne hayar ɗaki? Wa zai ba baƙon tela ɗinkin sallah? In ka cinye kuɗin keke, da me za ka tashi?

A nan ni mai ba da labari ina bayan tsohon. Ƙaura ba abin kunya ba ce a ƙasar nan. Sarakunan Zamfara kansu sun bar Birnin Zamfara bayan Gobirawa sun ci shi a ƙarni na 18, suka yi ta sauya mazauni kafin su tabbata a Anka. Kuma wanda ya ce wa mutanen yankin nan tsoronsu ba shi da tushe bai yi musu adalci ba. Abin da ke ba ni tausayi shi ne magidancin da firgici ya sa ya karyar da jarinsa a rana ɗaya, ya je birni ya zama abin tausayi a tasha.

Telan bai sayar da keke ba. Ya tafi Sakkwato shi kaɗai wurin wani abokinsa da suka koyi ɗinki tare, ya ga tsadar haya da idonsa, suka yi magana cewa in abu ya matso cikin gari akwai ɗakin zaure da iyalinsa za su sauka. Ya dawo ya ware kuɗin mota da takardun makarantar yara a jaka ɗaya. Yadi ya koma yin saƙonsa ta hannun direba, gonar nesa kuma ya haƙura da ita a daminar wannan shekara. Bayan isha'i matarsa ke riƙe wayar. Tsoron bai tafi duka ba, amma ya samu yana barci, ɗinkin sallah kuma ya fita a kan lokaci.

Kai da ke zaune a Gusau ko Sakkwato ko Kano, in kana da ɗan'uwa a Anka, Gummi ko Bukkuyum, kuma akwai ɗaki ko zaure da ba kowa a gidanka, ka kira shi ka gaya masa tun kafin ya tambaya.